Askin Shukar Baba Dogara

Ruwan shuka na bana ya sauka ranar Talata da la'asar. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina wasa aska, sai iska ta taso daga wajen Zuba ta kwashi ledojin kan layi, sama ta yi baƙi, aka fara yayyafi mai manyan ɗigo. Matata Hajara ta fito da gudu tana kwashe shanya. Ta tsaya a tsakar gida da kaya a hannu, ta ja numfashi ta ce, "Kai, ƙasa ta yi ƙamshi." Sai ta tuna. Ta dube ni, ta shige ɗaki.

Ni ban ji komai ba. Tun shekarar kulle hancina bai sake jin ƙamshin ruwan fari ba. Ina ganin ruwa, ina jin sanyinsa a fata, ina jin ƙararsa a kan kwano, amma ƙamshin an ɗauke mini. Abin da ruwan fari yake kawo mini yanzu shi ne Baba Dogara.

Sunana Sale, wanzami ne ni, a Tungan Maje nake zaune. Na zo daga ƙauyenmu da zabirar mahaifina a kafaɗa tun hanyar Gwagwalada ba ta cika haka ba. Ba ni da shago. Gida-gida nake bi: askin jarirai ranar suna, askin tsofaffin da ba sa son injin wuta a kansu, wani lokaci ƙaho. Mahaifina ya koya mini aski da tsarinsa. A jiƙa kai, a shafa sabulu, a fara daga ƙeya. In an gama, akwai ƙananan gashi da suke maƙalewa a cikin kunne da bayan kunne da kan gira. Waɗannan ba a sa musu tsumma. Wanzami yakan sunkuya ya hure su da bakinsa, kunnen dama, kunnen hagu, sannan goshi. Mahaifina yana cewa askin da ba a hure ba bai ƙare ba. Na yi shekara talatin ina hure kunnuwan mutane ban taɓa tunani a kai ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin ƙifta ido.

Baba Dogara Bagwari ne, manomi, gidansa yana bayan gari inda gonaki suka fara. Yana zuwa coci ranar Lahadi, amma yana da wasu ka'idoji nasa da ya gada, kuma ba ya wasa da su. Ɗaya daga ciki, ba ya jefa iri a ƙasa da gashi a kansa. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka, sai an aske shi ƙwal kafin ya ɗauki fartanya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Gona an share shi, kai ma a share shi." Ba ya ba ni kuɗi. Doya huɗu yake ciro mini daga rumbu, manya, waɗanda ya ajiye tun kaka.

A shekarar kulle zafi ya yi tsanani kafin ruwa. Rana takan fito fara fat, kwanon ɗaki ya ɗauki wuta tun hantsi. Babbar hanyar da tireloli ba sa barinmu mu ji maganar juna ta yi tsit, har kukan kurciya muke ji daga ƙetaren titi. An rufe masallatai, an rufe coci, kasuwa sai ranar da aka yarda. An hana taro, saboda haka babu suna. Mata suna haihuwa, amma sai uba ya yi wa jariri huɗuba a ɗaki, a raɗa suna, shi ke nan. Mako uku zabirata tana rataye a ƙusa.

Gidan da muke haya ɗaki tara ne, yawanci 'yan ci-rani: masu tura ruwa, mai gyaran takalmi, masu tallar rake. Duk wanda ka gani abincinsa a titi yake, kuma an rufe titi. Da farko kowa yana dafa nasa. Da abin ya yi nisa sai matan gidan suka haɗa tukunya ɗaya, mai gari ya kawo gari, mai kuka ya kawo kuka. Hajara ce take rabo don hannunta ba ya karkata. Tuwon ya fara da malmala, ya koma rabin malmala, ya koma kunu mai kauri. Muka ji ana rabon tallafi a wata makaranta, mutanenmu suka tafi suka wuni a rana, suka dawo da ƙura a ƙafa. Ana cikin haka azumi ya kama. Mai gyaran takalmi ya ce ai mu mun riga watan, mun fara namu tuntuni.

Cutar kuwa a rediyo kawai muke jin ta. Korona. Mutane suna cewa ta masu hawa jirgin sama ce, ta mutanen cikin gari masu sanyin ofis, ba za ta iya zafin Tungan Maje ba. Ni ma na faɗi haka da bakina.

A azumi na uku na tashi da ciwon jiki kamar an yi mini duka. Na ce yunwa ce. Zazzaɓi ya zo, na ce na sauro ne, Hajara ta dafa mini ganyen darbejiya na yi surace. Kwana biyu zazzaɓin ya sauka, ya bar ɗan tari busasshe. Ranar da na ji sauƙi, da shan ruwa, Hajara ta miƙo mini kunun tsamiya. Na kurɓa na ce, "Yau ba ki sa tsamiya ba?"

Ta ce, "Tsamiyar da ta kusa cire mini haƙori? Malam, lafiyarka?"

Da ta fita na sauko da zabira na buɗe. Zabirar wanzami tana da warinta, tsohuwar fata da sabulu da sifirit, na san shi tun ina yaro. Na sa hancina ciki. Babu. Na buɗe kwalbar sifirit na kai ta har bakin hanci. Idona ya yi ruwa, amma ban ji komai ba.

Ba zan ce ban sani ba. A wannan makon ma na ji likita a rediyo yana lissafa alamomi, kuma ya ambaci ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano. Ya ce wanda ya ji haka ya keɓe kansa, ya nisanci tsofaffi. Na ji shi sarai. Amma na ga yadda aka zo da mota aka ɗauki wani mutum a layin bayanmu, masu fararen kaya har fuska, yara suna leƙe, kuma bayan ya dawo lafiya ko mai shago ba ya karɓar kuɗi daga hannunsa. Shi direba ne, ya koma motarsa. Ni fa? Wa zai sake miƙa kan jaririnsa ga wanzamin da aka ce ya yi korona? Na mayar da zabirar kan ƙusa, ban gaya wa kowa ba.

Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda yake cika kwata ya shiga ɗakuna. Da safe wayata ta yi ƙara. Ɗanjuma ne, ɗan Baba Dogara, wanda yake okada, wato acaɓa.

"Baba Wanzam, tsoho ya ce ruwa ya zo, kansa ya cika da ciyawa."

Na ce masa ai an hana yawo.

"Na faɗa masa. Ya ce ko gwamnati ne zai ba shi masara in bai shuka ba? Abeg, don Allah ka zo, tun asuba yake damunmu."

Hajara tana jin mu. Ta ce, "Kai da kake tari?"

Na ce, "Tarin ya tafi." Na dubi kusurwar da muke ajiye abinci. Garin da ya rage bai kai mudu ba, kuma ranar juyinmu ne na kawo wani abu tukunyar gida. Doya huɗu. Ita ma kusurwar take kallo. Sai ta ɗauko takunkumin da ta ɗinka mini da ƙyallen atamfa, ta ɗaura mini da kanta, ta ja igiyar sosai.

Na bi ta bayan gari don kada in haɗu da masu tsaron hanya. Ƙasa ta yi laushi, tururuwa masu fiffike sun fito, ko'ina kore yana ƙoƙarin ɓullowa. Ɗan hawan da ke kafin gidan Baba, wanda nake hawa ina waƙa, sai da na tsaya sau biyu.

Na same shi a ƙarƙashin mangwaro a kan kujerarsa ta katako, ya riga ya tuɓe riga. Matarsa Mama Ladi tana tankaɗe a gefe. Da ya gan ni ya fashe da dariya.

"Wa ne ne wannan? Ɗan fashi ko likita?"

"Wanzami ne, Baba."

"Wanzam ba ya rufe baki. Bakin wanzam na cin naman suna ne. Dubi cikinka ya koma baya! Babu suna, babu tuwo, ko?"

"Azumi ne, Baba."

"Azumi, azumi. Ladi, ɗauke abincin nan daga gabansa, kar ya faɗi a kaina da aska."

Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Na goge askar da sifirit sau biyu. Na tsaya ta bayansa, na kawar da fuskata gefe duk lokacin da zan yi numfashi mai ƙarfi. Na yi duk abin da na ji an ce a yi. Ina aski yana ba ni labarin cututtukan da ya gani a rayuwarsa, wadda ta kashe kaji, wadda ta kashe yara, wadda ta sa aka daina shan ruwan rafi. Ya ce wannan ma za ta gaji ta tafi. Da na kai rabi ya sunkuya ya damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gindin kujera, ya shinshina, ya miƙo ta saitin fuskata.

"Ji nan. Ƙasa ya ƙoshi. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Na gama askin, kai ya fito fes yana ƙyalli. Na ninke askar. Sai na ga ƙananan gashi farare a cikin kunnensa da kan girarsa. Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya ja takunkumin ƙasa, bayana ya sunkuya. Kunnen dama. Kunnen hagu. Na zagayo gabansa, ya rufe ido kamar yadda ya saba, na hure masa goshi.

Ya buɗe ido ya ce, "Yawwa. Yanzu ne wanzam ya zo."

Sai da na ɗaga kai na ji iska a leɓena, sannan na san abin da na yi. Na mayar da takunkumin. Mama Ladi ta kawo doya huɗu, ta ƙara mini da ƙullin gyaɗa. Na yi godiya na tafi. A ranar gidanmu mutum ashirin da wani abu suka sha ruwa da faten doya, ana ta sa mini albarka. Na ci nawa kamar ina tauna auduga.

Baba ya yi shukarsa. Bayan mako guda Ɗanjuma ya gaya mini tsoho yana zazzaɓi. Bayan kwana uku kuma ya ce numfashi yana yi masa wuya. Sun ɗauke shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, aka ce babu gado. Suka je wani, aka tsayar da su a bakin ƙofa aka ba su lambar waya, suka yi ta kira ba ta shiga. Baba ya ce a mai da shi gida. Ba a taɓa gwada shi ba, har yau babu takardar da ta faɗi abin da ya same shi.

Na je gaishe shi sau ɗaya. Ban shiga ba, na tsaya a bakin taga. Tun daga tsakar gida ake jin numfashinsa, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Yana kwance a jingine da buhun masara don ba ya iya kwanciya sosai. Ya gan ni. Ba ya iya magana, sai ya ɗaga hannu a hankali ya shafa kansa, ya yi mini alama da yatsa cewa gashi ya fara fitowa. Wasa yake yi mini. Na ce, "Sai ka warke, Baba, in zo in share." Gashin bai fi tsawon ƙwayar gero ba. Da shi aka binne shi, mutum goma sha biyu a bakin kabari, kowa nesa da kowa. Ranar masararsa ta yi ganye uku.

Kulle ya wuce. Tireloli suka dawo, aka buɗe masallatai, aka koma suna da tuwo da nama. Yanzu in ka ambaci korona sai a yi dariya, wasu su ce dama ba a yi ta ba. Mutanen gidanmu na wancan lokaci duk sun watse. Azumi ma ya matsa baya, ya bar damina. Ni kuwa hawan gidan Baba har yau sai na tsaya sau biyu. Ɗanɗano ya dawo rabi. Nama in ana gasawa warin ƙonanniyar taya nake ji, ni da ake yi wa tsiya da naman suna. Na sayi ɗan buroshi mai laushi na sa a zabira, da shi nake share kunnuwa. Tsofaffi sun yi ƙorafi, na ce musu zamani ne. A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa ranar Asabar na koyi rubuta abubuwa da yawa, amma wannan ban taɓa rubuta shi ba sai yau, kuma har zuwa ruwan bana ko Hajara ban gaya wa ba.

Ɗanjuma ya bar okada ya karɓi gonar. Ya karɓi ka'idar uban ma. Duk ruwan shuka sai ya kira ni, a kujerar nan, ƙarƙashin mangwaron nan, doya huɗu. Ina zuwa, ina yi, ina karɓa.

Ranar Laraba da safe, washegarin ruwan bana, ya kira. Na tarar da gidan da baƙi mata, ashe matarsa ta haihu, namiji, suna ranar Asabar. Na yi masa barka. Ya amsa a sanyaye. Ya zauna, na jiƙa kan, na fara daga ƙeya.

Na ce, "Wane suna za a sa wa sabon maigidan?"

"Mama ta ce Dogara."

"Ai ya dace."

"Ni na ce a'a. Tun shekaranjiya ba ta yi mini magana."

Na ci gaba da aski. Can ya ce, "Baba Wanzam, kai kana jin maganar mutane da yawa, ba ka kai wa kowa. Lokacin kulle ɗin nan, ni ban zauna a gida ba. Ina ɗaukar fasinja ta hanyar daji, Zuba zuwa Gwagwalada, kuɗi ninki uku. Akwai wani oga da na ɗauka, tun daga Zuba yake tari a wuyana. Na dawo gida na ci tuwo kwano ɗaya da tsoho. Kwana nawa ne ya kwanta?" Na ɗaga askar daga kansa, ya ci gaba. "Ni na kawo masa. Yaya zan yi in riƙa kiran sunan nan safe da yamma a cikin gidan nan? Dogara zo, Dogara tafi. Ba zan iya ba."

Na tsaya da aska a hannu. Rabin kansa fari da sabulu, rabi a aske. Da na yi shiru, da ya ɗauka tausayi ne. Da na ce masa kwana ne ya ƙare, kamar yadda kowa yake faɗa, da ya gyaɗa kai, na gama, na ɗauki doyata. Shekara biyar yaron nan yana zama a gabana da wannan a cikinsa, ni ina bayansa da nawa.

Na ninke askar na sa a aljihu, don kada in faɗa da ƙarfe a hannu. Na zagayo gabansa na tsuguna.

Na ce, "Ɗanjuma, kai ka yi rashin lafiya a lokacin?"

"A'a. Ko ciwon kai."

"Ni na yi. Ranar da ka kira ni, kwana biyu ke nan hancina ba ya jin komai. Na san alamar, na ji a rediyo. Na zo saboda doya. Baba ya miƙo mini ƙasa ya ce in ji, na ce na ji, ƙarya na yi. Da na gama na cire takunkumi na hure masa kunne da fuska. Mama tana wurin, ka tambaye ta."

Ya dube ni. Sabulu yana gangarowa ta gefen kunnensa bai goge ba.

"Ka sani, ka zo?"

"Na sani."

"Kuma duk shekara kana zuwa nan."

"Ina zuwa."

A cikin gida jaririn ya fara kuka, wata mata tana rarrashinsa da Gwaranci. Ban ce ya yafe mini ba, don na ga bai kamata in ƙara ɗora masa wani aiki a ranar ba.

Daga baya ya juya fuskarsa wajen gona ya ce, "Gama mini. Ba zan shiga gona da rabin kai ba."

Na gama. Da na ɗauko buroshi ya karɓa daga hannuna ya share kunnuwansa da kansa. Ya shiga rumbu ya fito da doya huɗu ya ajiye a ƙasa, ba a hannuna ba. Ya ɗauki fartanya ya wuce. Na tsaya ina kallon doyar. Sannan na ɗauka, don barin ta zagi ne.

Da na koma gida na zaunar da Hajara na gaya mata duka. Ta ce, "Ni na ɗaura maka takunkumin."

Ranar Juma'a da dare na wasa ƙaramar askar jarirai, na sa waya kusa da ni. Ranar Asabar gari ya waye, hantsi ya yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Hajara ta yi wanka ta tafi gidan sunan, don Mama Ladi ta gayyace ta tun ranar haihuwa. Ni na tafi aji, na zauna a bencin baya, ban ji abin da aka koyar ba.

Ta dawo da la'asar, hadari yana haɗuwa. Ta ajiye mayafi, ta sha ruwa, tana jan lokaci.

Na ce, "Wane suna?"

"Dogara. Uban ne ya faɗa da bakinsa. Mama Ladi ta yi ta kuka."

"Alhamdu lillahi. Wa ya yi askin?"

"Wani suka ɗauko daga Gwagwalada."

Na gyaɗa kai. Aka fara yayyafi, ta miƙe za ta kwashe shanya. Na ce, "Askin ya yi kyau?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba ni baya.

"Ya yi," ta ce. "Sai dai ya bar masa gashi a bayan kunne."